Hannun Jari a Kamfanin Kwalba: Muhawarar da Muka Yi a Jushi



Da farko muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, alhali kuwa mu ba masana tattalin arziki ba ne, ba kuma 'ya'yan attajirai ba. Mu dai 'yan adashi ne, mu goma sha huɗu, muna haɗuwa a zauren wani gida a Jushi ran Lahadin ƙarshen kowane wata. Takwas daga cikinmu ɗalibai ne a nan Samaru, sauran kuwa ƙananan ma'aikata ne, watau malaman makaranta biyu, da akawu biyu, da ma'aikaciyar jinya, da wani mai bautar ƙasa. Kowa yana zuba naira 5,000 a wata. A tsakiyar shekarar 2025 muka yi shawara cewa kada kowa ya kwashi adashin har wata shida, a tara kuɗin wuri ɗaya a nema masa abin yi. Da Disamba ta zo sai ga mu da naira 420,000. Ga wanda ya saba da kuɗi wannan ba kome ba ne, amma a cikinsa akwai kuɗin abincin ɗalibi, akwai kuma abin da wani malami yake tarawa domin kuɗin haya. Saboda haka gardamar da muka yi a kansa ba ta wasa ba ce.

Wanda ya kawo magana shi ne mai bautar ƙasar nan. Ya buɗe wayarsa ya nuna mana farashin hannun jarin wani kamfani mai suna Beta Glass, wanda ke yin kwalaben lemo da na magani da na kayan abinci, yana da masana'anta a Agbara ta Jihar Ogun da Ughelli ta Jihar Delta. A farkon 2025 ana sayar da hannun jarinsa ɗaya a wajen naira 65 a kasuwar hannun jari ta Ikko, kafin shekara ta ƙare kuwa ya ninka fiye da sau biyar. Ya ce mana, "Da tun Janairu muka zuba kuɗin nan, da yanzu muna maganar naira miliyan biyu." Sai zaure ya yi tsit, kowa yana raba miliyan biyu gida goma sha huɗu a zuciyarsa.

Hujjar waɗanda suka goyi bayansa tana da ƙarfi, kuma ya kamata mu faɗe ta da adalci, domin mu ma da yawanmu mun karkata gare ta a daren farko. Suka ce a duba ƙasar da muke ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Kano zuwa Zariya lokacin rani ya ga yadda ake jibge tumatir a kwanduna, na ƙasa yana matsewa yana zubar da ruwa tun kafin mota ta tashi zuwa Kudu. Manomin wake ya san abin da ƙwari ke yi wa amfaninsa cikin wata biyu ko uku. Ba noma muka kasa ba, adanawa da kaiwa kasuwa lafiya muka kasa. An kuma ga abin da mazubi mai kyau zai iya yi: buhun nan mai ledoji biyu a ciki wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, ake kuma yin sa a Kano, yana toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da an zuba wa wake magani ba. To, in haka ne, in ji su, jama'a suna ƙaruwa, kowa sai ya ci ya sha, abin ci da abin sha kuwa sai da mazubi. Ina asara za ta fito ga wanda ya sa kuɗinsa a kamfanin mazubi?

Suka ƙara da alƙaluma. Cinikin kamfanin a 2024 ya haura naira biliyan 100, ribarsa ta wuce biliyan 13, watau ta ninka ta shekarar da ta gabata, kuma rahotannin 2025 sun nuna tana ci gaba da hawa. Bugu da ƙari, tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, shigo da kwalba daga ƙasashen waje ya yi tsada ƙwarai, saboda haka masu lemo da masu magani suka koma wa na gida. Duk wannan gaskiya ne.

Wadda ta fara sa mana birki ita ce wata 'yar'uwarmu mai karatun akanta. Tambaya ɗaya ta yi: idan mun saya, me zai shigo hannunmu a ƙarshen shekara? Ta ce kamfani yana da hannun jari kusan miliyan 600, kuɗinmu kuwa a farashin lokacin ba zai sayi fiye da dubu ɗaya da 'yan kai ba. Rabon ribar da aka yi wa masu jari na shekarar 2024 bai kai naira 3 a kan kowane hannu ba. Ko da an ninka shi sau uku, abin da zai zo mana bai wuce naira 10,000 ba a kan naira 420,000, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Ta ce, "Ke nan ba ribar kamfani muke nema ba. Fata muke yi wani ya zo bayanmu ya saya da tsada fiye da yadda muka saya. Wanda ya saya a naira 65 ya riga ya ci kasuwarsa. Mu a hannunsa za mu saya."

Nan fa gardama ta kaure, har mai gidan da muke aron zaurensa ya leƙo. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a tashar Sabon Gari, kuma mutum ne mai karanta jarida. Da ya ji abin da ake ciki sai ya yi murmushi ya ce, "Yara, kafin ku yi cinikin biri a sama, ku je ku binciko mini tarihin kamfanin buhu. Wannan magana taku ta kowa sai ya ci, kowa sai ya sayi buhu, na ji ta a bakin iyayenku." Muka ce, "To, Baba, za mu duba." Abin da muka samo shi ne dalilin tsayuwarmu a gabanku yau, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Babu wanda ke cikin wannan ɗaki da bai san jakar bakko ba. Sunan ya samo asali ne daga BAGCO, kamfanin saƙa buhunan leda wanda kamfanin fulawa na Flour Mills of Nigeria ya kafa a 1972, yana da masana'anta a Ikko da Kano. Kakanninmu da buhun algarara suka gina dalar gyaɗa a Kano, mu kuwa da wannan buhu muka tashi: na fulawa, na sukari, na taki, na siminti, na masara. Idan akwai kamfanin da za a rantse cewa kayansa ba za su rasa mai saye ba, to shi ne. A ƙarshen 2007 aka fito da kashi 30 cikin ɗari na kamfanin aka sayar wa jama'a, kowane hannun jari a kan naira 3 da kwabo 90. Lokacin kuwa kasuwar hannun jari tana tashe, malamin makaranta da mai shago da ɗan fansho kowa yana cika fom a banki, wasu har da bashi. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya kai ƙololuwarsa, ya haura 66,000, sa'an nan ya rikito, kafin shekara ta zagayo ya koma wajen 20,000.

Kamfanin buhu bai mutu ba, bai kuma daina saƙa buhu ba. Amma a 2013 uwar kamfanin ta haɗe shi da kanta, aka ba mai hannun jarin buhu 25 hannun jarin fulawa guda ɗaya. Daga baya, a 2024, babban mai jari na kamfanin fulawar, watau kamfanin iyalan Coumantaros da suka kafa shi a 1960, wanda ke riƙe da fiye da kashi 60 cikin ɗari, ya nemi ya saye hannun ƙananan masu jari duka. Ya fara taya naira 70, da aka yi ƙorafi ya ƙara zuwa naira 86, aka yi taro bisa umurnin kotu, masu rinjaye suka amince, a watan Disamba aka cire sunan kamfanin daga kasuwa.

Yanzu mu yi lissafi irin na 'yan firamare. Mu ƙaddara wani ma'aikaci ya fitar da naira 39,000 a 2007 ya sayi hannun jarin buhu 10,000, ya ajiye takardarsa a ƙasan akwati. A 2013 suka zama 400 na fulawa. Da ƙarin kyauta na ɗaya bisa goma da aka yi daga baya suka zama 440. A ƙarshen 2024 aka biya shi naira 86 sau 440, watau naira 37,840. Bayan shekara 17 ko uwar kuɗinsa ba ta cika ba. Ba za mu ɓoye ba, ya karɓi rabon riba a shekaru da dama a tsakani, kuma wanda ya sami halin ƙara saye lokacin da farashi ya faɗi ya ci riba. Amma naira 39,000 ta 2007 ta fi dala 300, tana kuma sayen buhunan shinkafa da dama. Abin da aka biya shi a 2024 bai kai dala 30 ba, bai kuma sayi rabin buhun shinkafa ba. Buhun da aka zuba shinkafar a ciki kuwa, wataƙila na kamfaninsa ne.

Muna so a fahimce mu. Ba mu ce an cuci kowa ba. Duk abin da aka yi bisa doka aka yi shi, da sanin hukumar kula da kasuwar da amincewar kotu. Abin da ya ba mu tsoro shi ne hujjar masu saye na 2007 ba ta ƙaryata ba. Sun ce za a ci gaba da bukatar buhu, an kuwa ci gaba. Jama'a sun ƙaru kamar yadda suka ce. Kamfani ya bunƙasa. Amma duk da haka ƙaramin mai jari bai ga abin kirki ba, domin bukatar jama'a ga kaya daban, ribar kamfani daban, abin da ke isowa aljihun mai hannu ɗari huɗu kuma daban. Tsakanin kowane biyu akwai mashigi, kuma ba shi ke riƙe da mabuɗin ko ɗaya ba. Ba kamfanin buhu kaɗai ba ne. Kamfanin gwangwani na Nampak ya fice daga kasuwar a 2011, a shekarar da kamfanin da ke zuba Coca-Cola a kwalba da masaƙar UNTL ta Kaduna su ma suka fice. Avon Crowncaps mai yin murfin kwalba da gwangwani ya bi su a 2017. Duk inda mutum ɗaya ke riƙe da fiye da rabi, shi ke da ikon faɗin nawa za a raba, nawa za a ajiye.

Da muka koma zaure a zama na biyu, sai muka duba kamfanin kwalba da wannan ido. Shi ma mafi yawan hannun jarinsa yana hannun babban mai jari ɗaya. Shekaru masu yawa kamfanin Frigoglass na ƙasar Girka ne ke riƙe da ragamarsa. Abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne, kuma wannan yana daga cikin dalilan da ke sa farashi ya yi tsalle da sauri: masu nema da yawa, kaya kaɗan. Sai dai ƙofar da ta yi ƙunci wajen shiga, haka za ta yi ƙunci wajen fita. Ranar da kowa ke son sayarwa, mai saye ba ya samuwa.

Wani ɗan'uwanmu mai karatun injiniya ya yi mana bayanin yadda ake yin kwalbar kanta, abin da ya kamata mu fara tambaya tun farko. Ana haɗa yashi da farin dutse da fasassun kwalabe da wani gishiri ɗan'uwan kanwa, a narka su a tanderu mai zafin da ya kai awo 1,500. Masagan Bida sun daɗe da sanin wannan sana'a, bambancin kawai girma ne. Tanderun kamfani in an kunna shi ba a kashe shi dare da rana har shekaru, domin in ya huce narkakken gilashin zai daskare a ciki ya lalata shi. Saboda haka ko ciniki ya yi kyau ko bai yi ba, iskar gas sai an saya. Gishirin nan daga waje ake kawo shi, da dala. Bayan shekara goma ko fiye dole a rushe tanderun a sake ginawa, da kayan da su ma da dala ake sayensu, kuma kuɗin daga ribar da muke hange za a cire shi. Daɗin daɗawa, masu sayen kwalba da yawa 'yan kaɗan ne, manyan kamfanonin abin sha, kuma suna da zaɓi: ga gorar roba, ga gwangwani. Ku tsaya a kowane shago a Kwangila ko bakin babbar ƙofar jami'a ku ƙirga lemon roba nawa ake sayarwa kafin a sayar da na kwalba ɗaya.

Masu goyon baya ba su yi shiru ba, kuma ba mu raina amsarsu ba. Suka ce wahalar gina tanderu ita ce katangar kamfanin, domin ba kowa zai tashi gobe ya kafa irinsa ba, ba kamar injin leda ba da ake girkawa a kowane lungu na Sharaɗa. Suka ce kwalba ana wanke ta a sake zubawa sau da yawa, kuma gwamnatoci sun fara tsananta wa roba, kamar yadda Jihar Ikko ta hana mazubin abinci na soso a farkon 2024. Suka ce kuma, in kowa ya ji tsoro saboda abin da ya sami iyayenmu, to haka za mu zauna 'yan kallo. Wannan magana ta ƙarshe ta taɓa mu. Lokacin dokokin mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, mutanen Arewa ƙalilan ne suka saya da kansu, sai hukumomi irin su NNDC suka riƙe a madadin jama'a. An buɗe reshen kasuwar a Kaduna tun 1978, amma har yanzu a gidajenmu da yawa in ka ce hannun jari sai a ɗauka caca kake nufi, alhali kuwa mutanen nan su ne suka zuba kuɗi a MMM a 2016 da CBEX a 2025, inda babu tanderu, babu buhu, babu kome sai alkawari. Kamfanin kwalba aƙalla yana da bango da hayaƙi da littafin lissafi wanda doka ta tilasta masa bugawa.

Akwai wata magana da ta taso wadda ba ta lissafi ba ce. Ma'aikaciyar jinyar nan ta tambaya, su wa ke sayen kwalaben? Da aka duba sai aka ga ban da masu lemo da masu magani, akwai kamfanonin giya, kuma kasonsu ba kaɗan ba ne. Wasu daga cikinmu suka ce kamfanin kwalba yake sayarwa, ba ruwansa da abin da aka zuba. Wasu suka ce zuciyarsu ba ta kwanta ba. Ba mu yanke wa kowa hukunci ba, domin ba fanninmu ba ne, kuma a cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista. Mun dai gano cewa tun 2012 kasuwar tana da jerin kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idojin Musulunci, wanda ake sabuntawa lokaci lokaci, muka ce mai shakka ya duba shi, ya kuma tambayi malaminsa. Mutum uku suka janye a kan wannan dalili kaɗai, aka ba su naira 30,000 kowannensu ba tare da wani ɓacin rai ba.

Malamin da ke tara kuɗin haya shi ma muka roƙe shi ya janye, ko da yake yana cikin masu zafin son a saya. Kuɗin da mai gida zai zo nema a watan Afrilu ba shi da wurin zama a kasuwar da ke iya faɗuwa a watan Maris. Ya ji haushi a daren, ya ce mun mayar da shi yaro, amma ya karɓa.

Mu goma da muka rage, da naira 300,000, ba mu daidaita a kan ra'ayi ɗaya ba har yanzu, kuma ba za mu yi muku ƙaryar cewa mun daidaita ba. Huɗu suna nan a kan a saya da kuɗin duka. Mu da ke magana a gabanku muna ganin kamfanin na kirki ne, amma kamfani na kirki da farashi na kirki ba abu ɗaya ba ne, kuma a farashin da ya ninka sau biyar an riga an biya kuɗin labari mai daɗi na shekaru masu zuwa. Abin da aka amince a kai shi ne a sayi hannu 100 kacal ta wurin dillali mai rajista da hukuma, da sunan mutum biyu da muka wakilta a rubuce, a kuma cika takardar da za ta sa rabon riba ya shigo asusun banki kai tsaye. Wannan takarda ba ƙaramin abu ba ce: a 2023 hukumar kasuwar ta ce rabon ribar da masu shi ba su karɓa ba ya kai wajen naira biliyan 190, kuma muna kyautata zaton akwai na iyayen wasu daga cikinku a ciki, a ƙasan akwati tare da takardar haihuwa. Hannu ɗarin nan zai ba mu haƙƙin karɓar rahoton shekara da halartar babban taro da yin tambaya. Sauran kuɗin yana ajiye.

Mun raba rahoton shekara tsakaninmu. 'Yar'uwarmu ta akanta ta ɗauki shafin bashi, ta gano nawa ne na naira, nawa ne na kuɗin waje. Injiniyanmu zai nemo shekarar da aka gina kowane tanderu da lokacin da gyaransa zai zo. Akawu ɗaya zai bi jerin manyan masu jari ya ga ko an sami canjin hannu da abin da sabon mai riƙon ya ce zai yi da ƙananan masu jari. Ɗayan zai kwatanta rabon riba na shekara biyar da ribar da aka samu, mu ga kashi nawa ke fitowa waje. Shafin haraji ne har yanzu ba mu sami mai ɗauka ba. Idan akwai ɗalibin shari'a daga Kongo a cikin ɗakin nan wanda zai iya karanta mana shi, zamanmu na gaba ran Lahadin ƙarshen wata ne bayan la'asar, kuma Baba ya ce zaure a buɗe yake muddin za mu share shi in mun tashi.